Idon Hagu na Orest Panchuk

Shekara goma sha ɗaya Orest Panchuk ya yi yana cin abinci da wasan hokin ƙanƙara, kuma duk wanda ya zauna ya buga lissafin shekarun nan zai ga irin abincin da ya ci. Wasa ɗari shida da goma sha biyu. Ci talatin da ɗaya, wato ko uku a shekara bai cika ba. Dambe ɗari da casa'in da huɗu. Ɗinki ɗari biyu da ɗoriya, yawancinsa tsakanin gira da haɓa. Haƙora biyar da suka zube, garuruwa bakwai, da hanci guda da aka gyara sau uku har likitan ƙarshe ya ce a ƙyale shi haka nan ya huta.

Ba da dambe aka fara ba. A wata gonar alkama aka haife shi, gabashin Saskatchewan, mil goma sha huɗu daga kwalta. Sanyi na kamawa ubansa zai janyo tiyo ya malale bayan rumbu da ruwa, kwana uku wurin ya daskare, Orest ya ɗaura takalman zamiya, ba a ƙara ganinsa sai an kira cin abinci. Yana da shekara goma sha biyar ya jefa baƙin faifan da ake wasan da shi a raga sau hamsin da biyu a kakar wasa ɗaya. Da ya cika sha shida wata ƙungiyar matasa ta ɗauke shi, ya bar makaranta a aji goma, ya koma zama a gidan wasu tsofaffi da ke sauke 'yan wasa.

A wasansa na tara a can wani ya maka ƙaramin ɗan wasansu da katangar fili ta baya. Orest ne ya fi kusa. A lokacin ya riga ya kai ƙafa shida da inci uku, ya yar da safar hannu ba tare da ya yi shawara da kowa ba, naushi huɗu hancin mutumin ya karye. Mutum dubu biyu suka miƙe tsaye suna kiran sunansa, abin da ci hamsin da biyu bai taɓa sa an yi ba. Bayan an tashi kocinsu ya dafa shi ya ce masu ci yana da su guda shida, amma irin wannan hannun ba shi da ko ɗaya. Daga ranar mintocinsa a fili suka sauko daga goma sha takwas zuwa biyar.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Kowace ƙungiya tana ajiye ƙato ɗaya a ƙarshen benci. In an taɓa ɗan lelenta, ko wasa ya yi sanyi 'yan kallo sun fara hamma, sai a sake shi ya nemi ƙaton wancan ɓangaren. Su yar da sanda da safar hannu, kowa ya riƙe rigar ɗan'uwansa da hannu ɗaya ya yi aiki da ɗayan, har mataimakan alƙalin wasa su ga sun gaji su raba su, kowa ya shiga kejin hukunci ya yi minti biyar. Dokokin aikin ba a rubuce suke ba, amma babu ƙaton da bai haddace su ba. In an neme ka ba ka ƙi. Wanda ya faɗi ba a dukansa. Ba ka sa gilashin kariya a hular kwano, don mai naushinka zai yanke hannu. Kuma komai ciwon da ke jikinka, ba ka faɗa wa kowa inda yake.

Sau ɗaya babbar gasa ta kira shi, yana da shekara ashirin da huɗu. Ya yi wasa goma sha huɗu, dambe tara, ci ɗaya, ya kwana a otal mai hawa talatin, sannan aka ba shi tikitin komawa. Sauran shekarun duk a ƙaramar gasa ya yi su, a bas, kilomita dubu talatin kowace kaka, gwiwarsa na tokare da kujerar gaba. Matarsa Marlene ta naɗe kayan gida sau bakwai. Ta ce ta daina zubar da kwalaye tun ƙaura ta uku. A Fort Garrick suka daɗe, shekara uku, har ta sami aiki a teburin karɓar baƙi na wani likitan haƙori, 'yarsu Tessa ta shiga aji ɗaya.

A watan Janairun 1996, yana da shekara talatin da ɗaya, wani naushi ya same shi a idon hagu. Ba ma babban naushi ba ne. Kumburin ya saɓe cikin kwana huɗu, amma sai ya fara ganin baƙaƙen ɗigo suna yawo kamar ƙudaje, in ya juya kai da sauri wani haske ya gilma a gefe. Bai je wurin likitan ƙungiya ba, don abin da likitan ƙungiya ya sani da safe koci ya san shi da rana. Ranar hutu Marlene ta tuƙa shi awa uku zuwa Winnipeg, wurin wata likitar ido, Dokta Friesen.

Likitar ta ce tantanin da ke bayan idon ne ya tsage a wuri biyu. Ta liƙe shi da haske a ranar, cikin minti ashirin. Sannan ta zaunar da shi ta yi masa bayani dalla-dalla: liƙin zai riƙe in an bar shi, amma wani dukan mai ƙarfi zai iya ɗaye tantanin gaba ɗaya. Ya bar dambe. In ba zai bar wasa ba, ya sa gilashi. In kuwa ya taɓa ganin duhu na shigowa daga gefe kamar ana jan labule, ya nemi asibiti a ranar, ko ina yake, domin kwana biyu in sun wuce aikin ya fi ƙarfinta.

Ya gaya wa ƙungiya cewa jijiyar cinya ce ta ɗaure. Wasa huɗu ya zauna yana ɗingishin ƙarya. Da ya dawo, wasa ashirin da uku suka rage a kakar, kuma kwantiraginsa zai ƙare da na ƙarshensu.

Ranar da ya koma atisaye ya sa a ɗaura masa gilashi. Bai gama fitowa daga ɗakin sauya kaya ba aka fara.

“Wa ya kira mai walda?” in ji mai tsaron raga.

“Panch, in ka gama ka leƙa min salansar mota, tana ƙara.”

Kyaftin ɗinsu ya ce a dai bar shi, ƙila mutumin ya duba madubi ne ya ga akwai sauran abin karewa a fuskar nan. Orest ya yi dariya tare da su, ya ce gwaji ne kawai. Amma ya ga yadda kocinsu, Vern Halvorson, ya tsaya yana kallonsa daga tsakiyar fili da usur a baki bai hura ba.

Bayan atisaye Vern ya kira shi ofis. Bai tambaye shi dalilin gilashin ba. Ya ce mataimakinsa zai tafi ƙarshen kaka, kuma mai ƙungiya ya ambaci sunan Orest, don mutanen gari na son sa, yara kuma na jin maganarsa. Aiki ne na shekara biyu, babu sauran naɗe kaya.

“Ka dai kai ni ƙarshen kaka yadda na san ka,” in ji Vern. “Wancan abin kuma, ka san in ƙaton mutane ya gan ka da shi dariya zai yi, ya wuce ka ya je ya taka mini Arsenault. To me na ajiye ka kake yi?”

Arsenault shi ne babban mai jefa musu faifai a raga, ɗan tsurut, nauyinsa fam ɗari da sittin da kayan jikinsa. Orest ya ce ya gane. Da yamma ya kwance gilashin da kansa, ƙusa huɗu, ya jefa shi a ƙasan jaka.

Marlene ba ta ɗaga murya ba. Tana soya pirogi, ɗan curin fulawa mai dankali a ciki, da albasa, ta ce yayanta na Yorkton har yanzu yana neman mutum a shagon tayarsa. Orest ya san shagon. Ya taɓa gwadawa wata bazara, kwana tara ya yi. Ba aikin ne ya gagare shi ba, zaman ne: mutane su shigo su ce ba kai ne Panchuk ba, me ya faru, shi kuma yana durƙushe da sifana a hannu. Gonar ubansa an sayar tun shekara shida. Takardar makaranta ba shi da ita. Ya ce mata in ya gaya wa Vern gaskiya, likitan ƙungiya zai zaunar da shi a ranar, kafin mako a kawo wani ƙaton, kuma babu wanda ke ajiye wa mazaunin gida kujera. Ya ga an yi wa mutum biyu haka da idonsa.

“Da wane idon?” in ji ta.

Ya janyo jadawalin wasanni daga jikin firij ya shimfiɗa a tebur, ya ɗauki biro. Ashirin da uku. Tara daga ciki da ƙungiyoyin da ba su da wani ƙaton kirki, ya soke su. Biyar da mutanen da suka san shi ba za su neme shi ba sai in wasa ya ɓaci. Ya rage tara, ya yi ta juya su, ya ga shida ne babu makawa. Dambe shida. Ya yi ɗari da tamanin da takwas a baya, shida ba wani abu ba ne. Matsalar guda ce: biyar daga cikin shidan nan na-dama ne, hannun dama kuwa in ya taso, gefen hagu yake sauka.

Sai ya sauya salo. Yana yar da safar hannu zai cafke hannun rigar dama na abokin karawa a daidai gwiwar hannu, ya manne masa, ya cusa gefen hagunsa a kafaɗa, su yi ta juyi kamar masu rawa har a raba su. Na farko ya wuce haka, na biyu ma haka. A na biyun 'yan kallon gida suka yi masa ihun raini, wani ya jefo kofin giya. Vern ya ce masa a bas, a gaban kowa, cewa in kokawa yake so akwai inda ake biyan masu ita.

Na uku shi ne Réjean Bouffard, kuma shi ba a riƙe masa hannu. Hannunsa ya fi na Orest tsawo da inci biyu, damansa ta kwantar da mutum goma sha ɗaya a gasar nan. Sun kara sau goma sha uku cikin shekara takwas: Orest shida, Bouffard biyar, biyu babu wanda ya san na waye. A tsakanin haka suka zama abokai, irin abotar da ƙattin nan kan yi, tunda babu wanda ya san aikinsu sai su. Da aka haifi Tessa, matar Bouffard ce ta saƙa mata hula.

Ranar wasan da azahar suka haɗu a wani ɗan gidan abinci bayan filin, kowa da kofi da farantin taliya. Bouffard ya yi ta surutu kan gwiwarsa da kuma sabuwar motar da ya saya, sannan ya ajiye cokali ya dube shi.

“Na ga rawar da kake yi kwanan nan. Tsufa ne, ko ka tuba?”

Orest ya waiwaya ya ga babu na kusa. A shekara goma sha ɗaya bai taɓa gaya wa ɗan wata ƙungiya ko ciwon yatsa ba. Ya nuna idon hagu da bayan cokali, ya faɗa masa abin da likita ta ce, da maganar aikin, da wasa goma sha huɗu da suka rage.

Bouffard ya daɗe yana juya kofinsa. Ya ce shi ma ba zai iya ƙin nemansa ba, kocinsa ya riga ya yi masa magana tun a bas, kuma shi ma yana da bakuna huɗu a gida.

“Ban ce kada ka neme ni ba, mutumina.”

“To me kake so, in sumbace ka?”

“Kana da hannun hagu.”

“Hannun hagun nawa ko ƙofar firij ba ya iya buɗewa,” in ji Bouffard. “Za ka kashe ni.”

“Zan tausaya maka.”

“Uban wa ya nemi tausayinka. Ka biya kuɗin taliyar nan dai.”

A zango na biyu suka kara. Bouffard ya riƙe wuyan rigar Orest da hannun dama, ya yi ta jifa da hagu, naushi goma sha ɗaya, bakwai a hular kwano. Orest ya fasa masa leɓe, shi ya fasa wa Orest girar dama, ɗinki shida. Daƙiƙa hamsin da biyar suka yi, fili ya ɗauki sowa, Vern ya buga masa kafaɗa da ya dawo benci. A keji Orest ya rufe idon dama ya karanta allon maki da na hagu tsaf. Ya ji wani sanyi a ransa da rabonsa da shi tun Janairu.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne kaset. Akwai wani mutum a gasar da ba shi da sana'a sai naɗar kowane dambe a bidiyo, duk mako biyu ya haɗa su a kaset ɗaya ya aika ta gidan waya ga duk mai so. Babu ƙaton da ba ya karɓa. Su zauna su yi ta mayar da shi baya, suna duba wa ke fara jifa, wa ke sunkuyar da kai, wa ke gajiya da wuri. Duk wanda ya ga Réjean Bouffard ya yi kusan minti guda bai ɗaga dama ko sau ɗaya ba, ya kuma ga rawar da Panchuk ya yi a damben biyu na baya da gefen hagu a ɓoye, ba ya buƙatar likita ya yi masa bayani.

Bouffard ya bugo waya gida ranar wata Lahadi. Ya rantse ko matarsa bai gaya wa ba. Orest ya ce ya sani.

Na huɗu a jadawalin tsoho ne irinsu. Ya zo kusa da shi a wurin jefa faifai, ya ce yau kafaɗarsa na damunsa, a bar shi sai wani jiƙon. Na biyar shi ne bahagon, suka yi nasu lafiya lau, damben ɗari da casa'in da biyu ke nan. Aka yi wani na ba-zata da wani mai tsaron baya da bai iya komai ba, ɗari da casa'in da uku. Orest ya riƙa soke wasanni a jikin firij ɗaya bayan ɗaya. Sha tara suka tafi, huɗu suka rage: tafiyar wasa uku, Juma'a da Asabar da Lahadi, kilomita dubu ɗaya da ɗari huɗu zuwa da dawowa, sai na ƙarshe a gida ranar Laraba. Ƙungiyar ta riga ta fita daga neman kofi tun mako biyu. Wasannin nan ba sa ƙara wa kowa komai.

Na shida shi ne Cody Brandvold, ɗan shekara ashirin da ɗaya, kakarsa ta farko, dambe goma sha tara ya riga ya yi. A wasan Juma'a ya neme shi tun zango na farko, Orest ya yi kamar bai ji ba. Ya sake nema a na biyu, yana tafe yana buga masa sanda a ƙwauri, Orest ya ce masa ya je ya yi wasa, ana cin su biyar da ɗaya, me ya rage. To sai a farkon zango na uku Brandvold ya bar faifai ya bi Arsenault har kusurwa, ya ɗaga gwiwar hannu ya haɗa kansa da katanga. Arsenault ya tashi da rarrafe, jini na ɗiga a ƙanƙara.

Mutum goma sha bakwai suka juyo suna kallon ƙarshen benci inda Orest yake zaune, Vern kuwa ko juyowa bai yi ba, ya harɗe hannu yana kallon fili. Da Brandvold ya gama mintinsa biyu a keji ya fito, Orest ya riga ya tsallake katanga.

Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna jiran a jefa faifai. Kusa da kusa yaron ya fi yadda yake a kaset ƙuruciya, har da ƙuraje a haɓa.

“Ka san da idon,” in ji Orest.

“Kowa ya sani, tsoho.” Bai dube shi ba. “Akwai mutum biyu daga sama, daga babbar gasa, a layi na goma sha biyu, ni suka zo gani. In na yi maka irin ta Bouffard, a bas zan mutu kamar ku. Ka kare shi in za ka iya.”

Orest ya cafke hannun rigar dama yadda ya saba, amma yaron ya sa a yanke masa ɗinkin rigar tun a ɗaki, yana fizgewa hannun ya zare ya bar shi da tsumma. Daƙiƙa arba'in da ɗaya. Orest ya sa masa biyar masu kyau, har ƙafarsa ta lanƙwashe sau ɗaya. Shi kuma ya sha dama uku: ɗaya a kunne, ɗaya a kumatu, ta ukun a kan idon. Babu wanda ya faɗi. Da aka raba su yaron ya ɗan buga masa hular kwano da tafin hannu, alamar girmamawa, kamar yadda ake yi.

A keji ya jira numfashinsa ya dawo, sannan ya rufe idon dama. Allon maki na nan. Amma daga ƙasa, wajen hanci, wani duhu ya ci kusurwa guda, gefensa a lanƙwashe, in ya motsa ido ya ɗan yi rawa ya koma wurinsa.

Akwai asibiti a garin, sun wuce ta gabansa da bas. Ya san da haka. Sai dai mutumin da ke tafiya da ƙafarsa ba ya sauka daga bas a tsakiyar tafiya. Ya ga an buga wasa da karyayyen muƙamuƙi, ya ga an buga da yatsun ƙafa biyu a karye, shi kansa ya taɓa gama tafiyar kwana shida da haƙarƙari a tsage. Kuma in ya ce asibitin ido, komai ya fito: ƙaryar cinya, Winnipeg, wasa ashirin da ya buga yana ɓoye wa Vern. Saura uku. Likita ta ce kwana biyu. Ya ƙirga daga daren Juma'a zuwa safiyar Litinin, ya ga biyu da rabi ne, ya ce wa kansa likitoci kullum sukan rage, don su tsorata mutum.

Da safiyar Asabar bas ya tsaya shan mai, ya kira gida daga wayar jikin bango. Marlene ta ji wasan a rediyo. Ya ce kumburi ne kawai.

“Rufe na dama,” in ji ta. “Karanta mini abin da aka rubuta a jikin wayar.”

Ya karanta mata lambar wayar da sunan kamfanin da umarnin saka kwabbai, amma da idon dama ya karanta su duka. Sannan ta ce Tessa ta fitar da haƙori, tana so ta nuna masa, tana cewa saura huɗu ta kamo shi.

Ranar Asabar ya buga minti uku, duhun ya ci rubu'i. Ranar Lahadi da safe ya kai rabi. Ya buga minti biyar da rana, sau biyu aka ba shi faifai ta hagu ya wuce bai gani ba, aka yi masa tsiya a benci cewa ya fara hutun bazara tun yanzu. A hanyar dawowa ya zauna jikin taga yana rufe idon dama duk bayan 'yan mintoci. Wajen kilomita ɗari uku da gida duhun ya haye tsakiya, fitilar rufin bas ta ɓace.

Litinin da hantsi suna Winnipeg. Dokta Friesen ta duba, ta tambaye shi yaushe ya fara, ya ce Juma'a. Ba ta yi masa faɗa ba, ta dai cire tabarau ta goge. An yi aiki ranar Talata, an sake wani bayan mako biyar. Abin da ya dawo shi ne haske da inuwa: ya san in an kunna fitila, ya san in hannu ya gilma, amma ko yatsu ba ya iya ƙirgawa. Wasan Laraba aka yi shi yana kwance rub da ciki, yadda aka ce ya kwanta na kwana goma. Ashirin da biyu ya buga cikin ashirin da uku.

Vern ya zo gida a rana ta shida, ya zauna a ƙasa kusa da gadon don su ga juna. Ya ce da ya gaya masa.

“Da na gaya maka fa, Koci?”

Vern ya murza hularsa. Ya ce da ya nemo wani. Amma aikin na nan, mai ƙungiya bai sauya magana ba, shekara biyu, in yana so.

Yayan Marlene ya sake bugowa daga Yorkton cikin bazara, har ya ce zai ba su ɗakunan saman shago kyauta na shekara guda. Marlene ta ajiye takardar kwantiragin aikin mataimakin koci a tebur mako uku ba ta ce komai a kanta ba. Ranar ƙarshe Orest ya sa hannu. Sau biyu biron ya sauka a gefen layi kafin ya samu.

A watan Satumba aka buɗe atisaye da mutum talatin da huɗu. Marlene ce ta kawo shi, don har yanzu bai saba auna tazarar mota da ido ɗaya ba. Cikin sababbin da Vern ya ɗauko akwai Cody Brandvold. Mutanen sama sun gan shi a daren nan, sun kira shi, ya yi wasa biyu, sun sallame shi. Vern ya ce wa Orest yaron na da hannu amma ba ya iya kare kansa, a haka ba zai kai shekara uku ba, aikinsa ne ya gyara shi.

Bayan an tashi sauran sun shige ɗaki, Brandvold ya zamo a hankali ya tsaya nesa kaɗan, yana kallon takalmansa. Ya fara wata magana kan daren Juma'ar nan na watan Maris, bai iya ƙarasawa ba. Sai ya ce Vern ya ce ya zo a koya masa riƙon hannun riga.

Orest ya juya kai gaba ɗaya kafin ya same shi. Ya ajiye allon rubutunsa a kan katanga, ya cire safar hannu.

“Zagayo ta damana,” in ji shi. “Ta nan ba na ganinka.”